Kwamitin Raba Gero da Yashi

A wani daji, inda zaman majalisa ya fi damina tsawo, guguwa ta kayar da rumbun Kurciya, geronta ya zube cikin yashi. Tana da 'ya'ya uku a sheƙa, baki buɗe. Rariya kuwa ɗaya ce tak a dajin, tana rataye a bayan kujerar Ɓauna, shugaban majalisa, don ado.

Kurciya ta je ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, aron rariya nake nema, na yini ɗaya. Yara ba su sa komai a baki ba tun jiya."

Ɓauna ya ce, "Sauri ya haifi nawa. A kira masani."

Malam Bushiya ya zo, ya dubi tulin geron da yashin, ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin shugaba, abubuwan duniya iri uku ne. Akwai tsantsa, kamar zinariya: ko ka farfasa ta har ƙwayar zarra, wadda ido ba ya gani, kowace ƙwaya irin 'yar'uwarta ce. Akwai haɗaɗɗe, kamar ruwa: iska biyu ne, haidurojin da oksijin, suka ƙulle har suka zama wani abu dabam, babu rariyar da za ta raba su. Sai gauraye, irin na baiwar Allah nan. Gero yana nan a geronsa, yashi a yashinsa. A tankaɗe kawai."

Biri, mai magana da yawun majalisa, ya miƙe. "Wato wakilai arba'in za su bar gidajensu saboda aikin da ake gamawa kafin azahar? Kuma wa ya gaya maka rariyarmu ba ta raba ruwa? Wannan raini ne!"

Aka kori Bushiya. Majalisa ta ɗunguma bakin tafki, aka kwana huɗu ana tankaɗen ruwa, Kurciya na biye tana roƙo. A rana ta biyar rariya ta ruɓe ta yage. Aka rubuta cewa ruwa ya ƙi ba da haɗin kai.

Da yake babu sauran rariya, sai aka kafa kwamiti na ƙwararru a harkar hatsi: Zabo shugaba, Fakara da Hasbiya wakilai. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Zabo ya ce, "Za mu bi ƙwaya-ƙwaya, yadda ilimi ya tanada. Wadda ta wuce maƙogwaro lafiya, gero ce. Wadda ta maƙale, yashi ce."

Kai, sun yi aiki tuƙuru! Ko hutun rana ba sa zuwa. Kullum Kurciya na gefe tana kallo, kukan da ke fitowa daga sheƙarta yana ƙara sirancewa. Abin tausayi ƙwarai.

Ranar miƙa rahoto aka yi kiɗa. Ɓauna ya ce, "Kurciya, ga kayanki. An raba, ko ƙwaya ɗaya ba ta saura a ciki ba."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina geron?"

Zabo ya yi gyatsa. Daga bayan taro aka ji muryar Bushiya: "Haƙuri, baiwar Allah. Ya shiga haɗin da rariya ba ta rabawa."

Har yau ana kai baƙi su ga tulin yashin nan, don ba a taɓa samun tsantsa irinsa ba. Yana gindin bishiyar da sheƙar Kurciya take, inda yanzu ba hayaniyar da za ta dami mai kallo.