Farcen Babban Masanin Fata

A duk benen ma'aikatarmu mai hawa huɗu babu mai ilimin fata kamar Malam Farce. Na san shi ciki da waje, don ni nake gyara masa gemu kowace safiya a gaban madubi, kuma ni nake saka takalminsa. Saboda haka kada wani ya ce ƙazafi nake yi wa bawan Allah.

Aikinsa na albashi shi ne buga hatimi a takardu. Aikinsa na baiwa kuwa shi ne tona asirin fata. Ya bar farcen babban yatsansa na dama ya yi tsawo, yana kula da shi kamar ɗan fari. Da ka shigo ofis da sabon bel ko walat, kafin ka gama sallama ya karɓe, ya kai farce gefe ya kankara.

"Fenti ne," zai ce, yana girgiza kai kamar likitan da ya ga cutar da ba ta da magani. "Fata iri biyu ce, jama'a. Akwai wadda ta sha rini har cikin tsokarta. Ita in ta tsufa duhu take ƙarawa, ko ka karce ta launin nan dai za ka tarar. Akwai kuma wadda aka shafa wa launi a sama. Wata shida ta fara tsagewa a lanƙwasa, ta dinga zubar da ɓawo. Haka ma mutane suke."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ya fi so, kuma yakan faɗe ta yana duban mai belin. Ya taɓa sa mai buga takardu kuka a kan jakar da mijinta ya saya mata. Shi a ganinsa taimakonta ya yi.

Hujjarsa ita ce jakar da ya gada daga mahaifinsa, ja mai duhu, rinanniya ta gaske. Shekara arba'in tsohon yana riƙe da ita, har wurin riƙon ya yi baƙi daidai inda yatsunsa huɗu suke kwanciya. Ita kaɗai ce abin da ya rage masa na uban, kuma yana sonta da gaske. Wannan ba zambo a ciki.

Sai kujerar mataimakin darakta ta zama babu kowa a kanta. Masu nema biyu ne: Malam Farce da wani sabon ma'aikaci da ake kira Ɗan Gayu, mai baƙar jaka da ke ƙyalli har kana ganin fuskarka a jikinta. Masaninmu ya dubi wannan jaka, ya dubi tasa mai dabbare-dabbare, gefe ya koɗe, tsakiya ya yi duhu. A karo na farko ya ji kunyar jakar ubansa.

Kwana uku kafin ganawa da kwamiti ya kai ta wurin wani tsohon baduku a bayan kasuwa, yana waige-waige kada a gan shi.

"Baba, so nake ka shafe ta da baƙin fenti, ta yi ƙyalli."

Tsohon ya juya jakar, ya shinshina ta. "Ɗana, wannan ai ta sha man hannu ta ƙoshi. Fenti ba zai kama ta ba. Ka bar ta, wallahi ta fi kyau haka."

"Baba, da wa kake magana? Ni ne nake koya wa bene guda yadda ake gane fata. Yi abin da na ce kawai."

Baduku ya ce to, ya ɗauko buroshi.

Da ya koma gida maiɗakinsa ta dubi jakar ta ce, "Baban yara, ina ta Baba?" Ya ce mata mata ba su san harkar shugabanci ba.

Ranar ganawa ya shiga da farar riga, ya aza jakar a kan tebur inda kowa zai gani. Ya amsa tambayoyi yana ƙarawa da nasa. Har ya soma auna tsawon labulen sabon ofishinsa a zuci, sai shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta yi murmushi.

"Kai ne Malam Farce, ko? Labarinka ya iso mana. Wannan taka fa, wace iri ce?"

Da ya yi shiru, da ya tsira. Amma yaushe masani ya taɓa yin shiru?

"Ranki ya daɗe, rini ne har ƙashi. Ni ba na riƙe abin da aka yi wa kwalliyar sama. Jakar mutum ita ce shaidar halinsa."

"Bari in gwada irin naka," in ji ta. Ta miƙo hannu ta sa ɗan farcenta a gefe.

Fentin bai ko yi gardama ba. Ya taso kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ya biyo yatsanta tsawon taƙi guda. Masaninmu ya yi wuf ya rungume jakar a ƙirji, da ya sake ta kuma rabin baƙin ya koma kan farar rigarsa. Wani ɗan kwamiti ya shiga tari, irin tarin da ake yi don kada dariya ta fito.

Dattijuwar ta leƙa jan da ya bayyana a ƙasa. "Ikon Allah. Ta gaske ce ashe. To me ya kai ka rufe ta?"

Shekara ashirin yana bayani a kan fata, ranar sai ya suri jakarsa ya fice.

Da yamma ya koma wurin baduku, ba waige-waige wannan karon, don babu sauran abin ɓoyewa. Tsohon ya sa tsumma da mai ya yi ta gogewa. A hankali jan ya dawo, sai ga sawun yatsu huɗun nan a wurin riƙo, ko gezau ba su yi ba. Nan masanin ya ji kunyar da ta fi ta gaban kwamiti, har idonsa ya kawo ruwa.

"Ita ta warke, ɗana," in ji baduku. "Kai kuma ka je ka yanke farcen nan."

Na yanke masa shi da kaina washegari, tunda dai a yatsana yake.

Kujerar kuwa Ɗan Gayu aka ba. Jakarsa fenti ce tsantsa, ko daga bakin ƙofa na gane. Amma har yau tana ƙyallinta lafiya lau, domin a duk benen mutum ɗaya ne yake kankare kayan mutane, shi kuma ya yi ritaya daga wannan aikin.