Hatimin da Aka Buga Cikin Fushi

Jama'a, ku taya ni dariya, don ni kaɗai ta fi ƙarfina. Tun jiya nake ƙyaƙyatawa, har maiɗakina ta dafa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Jiya ce ranar ƙarshe ta rajistar 'yan aji ɗaya, ƙarfe huɗu za a rufe, kuma makaranta ta ce ba za ta karɓi 'yata ba sai da hatimi a kan takardar haihuwarta. Takardar wata uku ke nan tana aljihuna. Hatimin kuwa yana hannun Mai Girma Sarkin Hatimi, Garkuwan Jeka-ka-dawo, wanda na je nema a ofishinsa sau shida ban taɓa ganinsa ba. Zuwan farko aka ce yana taro. Na biyu tawada ta ƙare. Na uku an samo tawada, amma makullin durowa ya bi wani hutu. Sauran ukun ban tambayi dalili ba, kada na wahalar da su wajen nemowa. Ni mai gyaran fanka ne, karatuna bai yi nisa ba, amma na san abin da ke juyawa wuri ɗaya ba ya isa ko'ina.

Jiya na koma karo na bakwai. Ɗakin jiran nan benci biyu ne, ɗaya ƙafarsa uku. Kwamfuta an lulluɓe ta da zani kamar mai jin sanyi. Amma talabijin fa? Rabin bango, sabuwa fil! Allah ya saka wa manyanmu da alheri, sun san za mu daɗe, suka tanadar mana abin kallo.

Sai ga shi an sako wasan katun ɗin nan na gidan Dogon Wuya. Tun ina rarrafe ake yinsa. Dogon Wuya da matarsa da 'ya'yansu uku da ba sa girma, da kakarsu da ta je duniyar wata sau biyu a kan keken ɗinki, da firijinsu mai baƙar magana. A kashin jiya, Dogon Wuya ne ya je wani ofis neman takarda. Muka gyara zama, muka ce yau za mu ga ɗan'uwa. Ya shiga, ma'aikaci ya miƙe ya gaishe shi, ya ba shi kujera, ya karɓi takarda, tim! ya buga hatimi, ya ce a gai da gida. Shi ke nan.

Muka kalli juna. Can wata tsohuwa da ke gefena, wadda ta ce tun bara take bin takardar fanshon mijinta, ta tafa hannu.

"Kai! Sun ɓata wasan nan. Ƙarya kuma ta shigo."

Na ce, "Inna, firijin da ke magana fa?"

"Ɗana, firiji ai yana gunaguni, ko nawa yana yi. Magana kaɗan ta rage masa. Amma wannan? A gaban yara?"

Wani direba da ya baro motarsa a layin mai tun safe, ya ce kafin ya koma ba za ta matsa taku uku ba, ya ɗaga wayarsa. "Ku ji, duniya ma ta ɗauka! Wannan ya rubuta wai shekara talatin yana kallo, yau ya yi ritaya. Wannan kuma ta ce mafarki ne Dogon Wuya ke yi, a jira a gani zai farka a kan benci."

"To, in mafarki ne na yafe musu," in ji Inna.

Ni dai idona na kan agogo. Uku saura kwata. Na tuna 'yata da ta kwana da sabuwar jakar makaranta a ƙarƙashin kanta.

Sai ƙofar ciki ta buɗe. Wallahi Mai Girma ne da kansa, mutumin da nake zaton labari ne kawai! Ashe shi ma yana da tasa talabijin a ciki. Ya fito yana huci, hatimi a hannu.

"Kun ga wannan cin mutuncin? Kun gani? Shekara ashirin da biyu ina aikin nan! Wa ya koya wa wancan aiki? Ina fom? Ina hoto huɗu? Ina sa hannun na sama da shi? Bai ma ce masa ya dawo Litinin ba!"

"Ranka ya daɗe, bai san darajar kujera ba," in ji direba, fuskarsa ba ko murmushi.

"Yauwa! Ka fahimta! In kowa ya zo aka sallame shi nan take, wa zai san muna nan?"

Na ce a hankali, "Yallaɓai, ni fa kaina na ƙasa lokacin, ban ga yadda ya yi ba." Allah ya gani, ba wayo na shirya ba, agogo nake kallo da gaske.

"Ba ka gani ba? Kawo nan!" Ya fizge takardar da ke hannuna. "Haka ya karɓa, ko dubawa bai yi ba. Ya shimfiɗa ta haka. Ya ɗaga hannu haka. Sai kawai..."

Tim!

"Ka ga shashanci? Har da sa hannu, wai haka, shar! Wannan aiki ne?"

"Ba aiki ba ne, ranka ya daɗe," na ce, ina zare takardata a hankali kamar mai ɗauke ƙwai daga ƙarƙashin kaza.

Inna, da yake tsohuwa ba ta barci da ido biyu, tuni ta miƙo tata. "Ɗan nan, ni ma idona ba ya gani sosai. Yaya ka ce ya yi?"

Ban tsaya na ga ƙarshen wannan kashin ba. Ni da ko ruwan sama bai taɓa sa ni sauri ba, jiya na yi gudun da takalmina ɗaya ya riga ni shiga makaranta. Huɗu saura minti biyar malama ta rubuta sunan 'yata. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!

Saboda haka masu zagin kashin jiya, ku yi haƙuri, ni ban bi ku ba. Roƙona ma ga masu zana wasan, don Allah su sa a gyara titin gidan Dogon Wuya cikin mako guda, da kwalta mai kauri da fitilu masu ci. Wa ya sani, ko wani babba zai fusata ya zo unguwarmu ya nuna mana yadda ba a yi.