Yadda Ake Haɗa Allon Zamiya Ba Tare da An Taɓa Hawansa Ba

Kai da furfura ta fara leƙowa a gemunka, gwiwarka tana ƙara in za ka tashi, amma har yanzu kana son yaran filin zamiya na unguwar Labadi, masu hawan allon nan mai tayoyi, su riƙa matsa maka wuri a benci, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, za ka tsufa da sunan gwani ba tare da tafin ƙafarka ya sake taɓa allo ba. Ni Ayitey na gwada, ga ni nan garau, ko ƙwarzane babu a jikina. Mutum ɗaya hanyar ta ƙi, aminina Lantei, wanda yara ke ce wa Ataa, wato Baba, shi ma laifinsa ne, za ka ji yadda aka yi.

Mataki na ɗaya: Ka nemi allon da ba shi da daidai

Allon yaran yanzu miƙaƙƙe ne, gaba da baya duk ɗaya. Guje shi. Irin wannan kafin ka gama shan ruwan kwakwa an haɗa shi an miƙo maka, an ce to, hau mu gani. Kai dai allo mai siffa za ka nema, irin na da: kai fankameme, ƙugu a matse, wutsiya a tsage kamar ta kifi. Albarkarsa ita ce faɗinsa a gaba daban, a baya daban. Duk abin da aka ɗaura masa akwai inda zai yi kuskure, kuma a cikin kuskuren nan abincinka yake.

Lantei ƙanwarsa ce ta aiko masa da nasa daga birnin Hambug, can ƙasar waje, a cikin durom ɗin kaya, tsakanin man gashi da takalman yara. Shi fa ba irina ba ne, yana da tarihi na gaske. Yana saurayi ya gangaro dutsen Aburi a kan allo, motocin haya na bin sa da oda. Abin da ba a faɗa shi ne inda gangarowar ta ƙare, wato cikin kwalbati, da karyayyar kafaɗa. Tun daga ranar, ko allo ya gani yana gangarawa shi kaɗai sai tsoro ya kama shi. Ni kaɗai na san wannan. Yara rabin farko na labarin suke da shi, shi ya sa suke sayo masa dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi suna neman ra'ayinsa. Ranar da suka gane tsoro yake ji, benci da dokunu da "Ataa" ɗin duk sun tafi, kuma ya sani.

Mataki na biyu: Gatari

Ƙarfen nan biyu da ke ƙarƙashin allo suna riƙe da tayoyi, su ne gatari. Ƙa'ida ita ce faɗin gatari ya zo daidai da faɗin allo a gurbin da za a ɗaure shi. Kai kada ka kuskura ka auna gurbin, kuma kada ka bari wani ya auna.

In an kawo maka mai faɗi, ka kara shi a baya inda allon ya tsuke, ka nuna yadda tayoyi suka leƙo waje, ka ce, "Haba ɗana, so kake in taka taya da diddige ina cikin tura ƙasa? Me na yi maka?" In an kawo siriri, ka kai shi gaba inda allon ya baje, ka yi tsaki, ka ce, "Wannan ai saniya ce da ƙafar akuya."

In kuwa an yi rashin sa'a aka samo wanda ya dace, ka ce ramukan notin allonka irin na da ne, tazararsu ba ta zo ɗaya da ta yanzu ba. Wani lokacin ma gaskiya ne, sai ka ji daɗin faɗa.

Mataki na uku: Taya

Ƙaramar taya mai tauri ta siminti mai santsi ce. Babba mai laushi ta titi ce, inda tsakuwa da ramuka suke. Sirrin shi ne ka riƙa mallakar tayar wurin da ba ka ciki. In kana fili, tayoyinka na titi ne. In an ce a fita titi a nufi unguwar Osu, ka tuna cewa ka ba wani aron na titin.

Duk tayar da aka miƙo maka, kada ka karɓa da murna. Sake ta a ƙasa, ka kasa kunne, ka lumshe ido, ka ce, "Ta mutu." Ban taɓa ganin wanda ya tambayi abin da ya kashe ta ba.

Magabata sun ce gani ya kori ji. To, aikinka shi ne ka tabbata ba a gani ba.

Mataki na huɗu: Matashi

Wannan 'yar roba ce da ake sawa tsakanin allo da gatari don ta ɗaga allon sama. In taya babba ce kuma babu matashi, kana karkata za ka sha kwana sai taya ta ciji cikin allo, ta tsaya cak. Allo ya tsaya, kai ba ka tsaya ba. Mu cizon taya muke ce masa, kuma ya cire wa mutane haƙora a garin nan.

Matashi abokin mai jan lokaci ne. Kafin a samo shi damina ta wuce. Ya zo, sai ka ce noti sun yi gajere, tunda roba ta ƙara kauri. Dogayen noti sun zo daga kasuwar Kantamanto, sai ka duba su a rana ka ce iskar teku ta ci su. Ni da Lantei a kan noti kaɗai mun ci Kirsimeti fiye da ɗaya.

Mataki na biyar: Ka ji tsoron masu kirki

Mai raina ka ba matsala ba ne, zai yi dariya ya wuce. Mai ƙaunarka shi ne bala'i. Yaran filin nan suna da wata muguwar al'ada: in suka ga wani ba shi da cikakken allo, kowa sai ya ciro wani abu daga nasa. Wannan taya, wancan boris na cikin taya, wani noti, har a tayar da mutum tsaye. Ba a ƙin karɓa, ƙi zagi ne.

Akwai wata Adjeley, ma'aikaciyar jinya ce, ta fi duk mazan filin iya tashi sama, bakinta kuma ya fi ƙafarta sauri. Wata rana Lantei ya zaga bayan katanga ya bar allonsa a benci. Ina zaune ina kallo ta zaro awon tela daga aljihu, ta auna gaba, ta auna baya, ta auna tazarar ramuka, ta dube ni ta ce, "Kawu Ayitey, ka ga wani abu?"

Na ce ban gani ba. Mace mai yi wa mutane allura ba a jayayya da ita.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, fili cike, ta karɓe allon daga hannunsa, aka kewaye ta da sufana. Ta samo gatari tsaka-tsaki wanda ya shige gaba kaɗan ya cika baya daidai, mai ramuka iri biyu, ga manyan tayoyi, ga matashi, ga dogayen noti suna ƙyalli.

Lantei ya ce, "'Yata, ai ramukan nan irin na da ne."

"Na sani, Ataa. Ga su sun shiga."

"Tayoyin fa, kamar sun..."

"Da ransu. Ni na duba su, aikina ne." Ta ajiye allon a gabansa. "Tun ina 'yar makaranta nake jin labarin Aburi. Yau dai kafin in tafi aiki sai na gani da idona."

Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya ɓata lamarin ke nan. Idonta har ƙyalli yake. Na dubi aminina, na ji tausayinsa har cikin raina.

Mataki na shida: In ranar wanka ta zo

Ba a ɓoyon cibi, amma ana iya ɗora wa ruwa laifi. In an ritsa ka haka, ka shirya faɗuwarka da kanka, ƙarama, a hankali, wadda kowa zai ga laifin kaya ne. Na raɗa wa Lantei a kunne, "Cire matashin, ka sassauta gatari. Kwanar farko taya za ta cije, ka zube, ka ce ai ka faɗa musu."

Ya ɗaga allon ya ce ya yi tudu da yawa, su a zamaninsu ba sa hawa bene. Adjeley ta ce, "Ataa, zai cije fa." Ya ce ta bar wa manya. Aka cire.

Ya ɗora ƙafa. Ya tura ƙasa sau ɗaya kamar mai taka ƙwai, ya tafi 'yar tafiya, ya karkata hagu. Taya ta cije, ƙiiit. Allo ya tsaya, Lantei ya wuce, ya sauka tim a kan kafaɗar nan dai ta Aburi.

Har nan komai ya tafi yadda na tsara. Saura kawai ya tashi yana ɗingishi, ya zagi tayoyin, mu koma benci da mutuncinmu. Sai na ga bai tashi ba. Yana kwance rigingine yana motsa kafaɗar, sama, ƙasa. Ya ɗaga gwiwar hannu ya dubi ɗan jinin da ya fito.

Ya ce, "Ayitey."

Na ce, "Na'am. Taya ce, kowa ya gani."

Ya ce, "Shi ke nan? Iyakar abin ke nan?"

Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun muna samari, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Ya tashi zaune ya faɗa da ƙarfi, kowa na ji, "Ku yara, tsoro nake ji! Tun kafin a haifi rabinku tsoro nake ji!" Na rufe ido ina jiran a yi masa ihu. Abin da na ji shi ne wutsiyar alluna ana buga su a siminti, kwas kwas kwas, yadda suke yi wa wanda ya faɗi ya tashi.

Ya miƙa wa Adjeley allon ya ce, "'Yata, mayar min da robar nan."

Yanzu kullum da sassafe yana fili. Bai iya komai ba, 'yan firamare sun fi shi, gwiwoyinsa duk tabo. Dokunu kuwa in sun sayo tare suke ci a tsaye, ba ya ko waiwayo benci. Mutumin da ya yi shekaru yana gina suna ya zubar da shi a banza, kuma wai ya fi ni annashuwa.

Sanarwa

Duk wanda ya bi wannan jagora ya karye, ko ya ji kunya, ko mafi muni ya tashi daga ƙasa yana dariya, ba ruwana, ban san shi ba, bai san ni ba. Matakan lafiyarsu ƙalau, mutum ne ba a iya masa. Roƙona ɗaya: in Adjeley ta tare ka tana tambayar faɗin allon Kawu Ayitey, ka ce na koma ƙauye. Tun jiya nake riƙe fitsari a bencin nan don kada in bar allona ta auna shi, ita kuwa tana zaune a can gefe da awon tela a wuya, tana yi min murmushi.