Shekarar da Na Dafa Irin Gyaɗa

Bayan samun 'yancin kai aka buɗe ajin manya a ƙauyenmu, gefen Malumfashi, kuma ba wanda ya kai ni riƙe lacca. Ranar da malamin tsafta ya ce tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, kowa ya tsaya kan ruwan sha. Ni tunanina ya wuce nan. Ciwo ya sha cinye mini gyaɗa a gona, ashe maganin na murhu!

Na sa matata Lami ta ɗora tukunya, na juye irin shukata kaf.

"Maigida, in sa gishiri?" in ji ta.

Na ce harkar ilimi ce, ta yi shiru.

Na shuka. Gonakin maƙwabta suka yi kore shar, tawa fayau kamar dandali. Da ƙwadago a gonar ƙanena muka ci tuwo a shekarar.

Amma a faɗi gaskiya, ko ganye ɗaya ya kamu da ciwo a gonata?

Har yau da hadari ya haɗo, 'yan ajinmu sai sun leƙo: "Malam, an sauke iri, ko a ƙaro itace?"