Buhun Bezga da Muryar Sabon Ladan

"Lafiya lau na tashi, mijina. Kai fa? Ɗaga murya mana, ko agwagwa ka haɗiye a hanya?"

Kaka Hairiye na zaune a bakin rumfa tana juya ganyen sherebela, wani maganin kan dutse, da ta shanya. Idonta ya yi rauni, amma hanci da kunne garau suke. Tun daga takun ta san jikanta Fatmir ne, kuma ta san abin da ke cinsa. Tsohon ladan na kwance ba lafiya, liman ya ce Fatmir ne zai kira sallar Juma'a yau, karo na farko a rayuwarsa, ga shi mura ta shaƙe masa maƙogwaro tun jiya. Shi ne kuwa tun dawowarsa daga aiki a Italiya, shekara uku ke nan, yake kiran maganinta abincin awaki. Daɗi ya cika tsohuwa har ta kasa ɓoyewa.

"Tsohuwa, ba roƙo na zo ba," ya ce da murya kamar ana jan gwangwani a ƙasa. "Tukunya kawai za ki ara min. Da kaina na hau dutse da sassafe na tsinko nawa, ɗanye shar, ba wannan busasshen da ya girme ki ba."

"Babu abin da ya girme ni a garin nan sai dutsen. Miƙo in gani."

"Ki gani da wane ido?"

"Da wanda na zaɓi kakanka, na bar irinka a layi."

Ya dire buhu a gabanta, tim. Ta cusa hannu ta ciro ganye, ta murza, ta kai hanci. Sai ta ƙyalƙyale da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Ango, furen wane launi ne?"

"Rawaya."

"Rawaya! Jama'a ku fito! Sherebela mai rawayan fure! Wannan ai bezga ce, ɗan nan, mai kama da ita a ido kawai. Ko akuyar da kake zagina da ita ba ta cin ta. Ba ka murza ka shinshina ba?"

"Hancina a toshe yake."

"Kan ma a toshe yake. Kuma har da saiwa ka tumɓuko! Da ta gaske ce ka yi wa haka, da matan garin nan sun bi ka da lauje. Mu yanka muke, mu bar wa baɗi."

"To ai na yi muku shara a dutse. Ki gode min."

"Na gode. Sai ka dafa ka sha, ka hau hasumiya ka yi musu kukan agwagwa."

Nan Fatmir ya yi laushi. Ya durƙusa ya riƙe gefen zaninta.

"Amaryata, rana tana tafiya. Duk gari zai ji ni."

"Ko kuma ba zai ji ka ba. Ce abincin me ne?"

"Abincin... malamai."

"Ban ji ba."

"Ai muryar ce babu, Kaka!"

Wannan ta yarda da ita. Ta ɗebi nata ganyen cikin tafin hannu ta zuba a ruwan zafi, ta rufe ruf don kada ƙamshin ya gudu da tururi. Da ya huce ta barbaɗa gishiri.

"Kurkura har maƙogwaro, ka tofar. Sau uku kafin rana ta take. Na ƙarshe da zuma, shi za ka sha, kofi ɗaya tak, ba tulu ba. Kuma ka rufe bakin nan, shi ne rabin maganin."

"Ɗaci!"

"Shekara uku ina shan naka."

Da rana ta take, Kaka ta ajiye aikinta ta kasa kunne. Duk surutun nan tsoro take ji kada yaron ya ji kunya. Sai kiran ya taso daga masallaci. Da ɗan kaushi a farko, sannan ya buɗe ya gangara har kwari. Muryar marigayi mijinta ce sak. Ta share ido da sauri kafin maƙwabta su gani.

Bayan an sauko sai ga shi da kwalin alewar lokum, yana washe baki.

"Kin ji murya, tsohuwa? Baiwa ce daga Allah."

"Ƙwarai. Shi ya shuka sherebela a dutse, ya ba ni hanci, kai ya ba ka buhu."

Fatmir ya yi dariya har da tari, ya ɗora mata kwalin a cinya. "Na sallama. Ba ni buhun nan in zubar kafin wani ya gani."

"Wane buhu?" Kaka ta jefa lokum a baki, ta gyara zama a kan buhun. "Ai na aika a kira matan unguwa su zo su ga aikinka."