Hatimin da Na Tsinta a Durowar Nafi'u

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na tashi tona asirin Nafi'u, Allah Ya yafe mana.

A ofishin kago, wato jigilar kaya, na wani Alhaji muke aiki, a Deira. Na riga Nafi'u zuwa Dubai nesa ba kusa ba, amma da aka fara zancen wanda zai riƙe sabon reshe, sai na ji ana haɗa sunansa da nawa, wai don yana karatun kwamfuta da yamma. Abin ya tsaya mini a rai (lokacin ba hassada nake kiransa ba, lura nake cewa).

Wata rana ina neman almakashi a durowarsa, na ci karo da wani tsohon kati, lambobi sahu-sahu, an huda wasu. Ni da na tashi a gaban allo, na sha ganin hatimi a littattafan kakana. Na ce to, ga abin da ake juya Alhaji da shi. Na tafi da shi gida, na karanta Falaƙi da Nasi, na tofe shi har ya yi laushi.

Bayan an sauko masallaci, ana cin shinkafa a falon Alhaji, na ajiye katin a kan leda.

"Alhaji, a tambayi Nafi'u wane malami ya yi masa wannan."

Nafi'u ya ɗauka, ya jujjuya. "Yaya, ashe kai ne. Malamin Ba'amurke ne, kuma ya daɗe a kabari. Katin na makaranta ne, aro na yi. Me ya jiƙa shi?"

Na kai loma baki.

Sai ya yi bayani. Mutumin ya ga yadda kwandastan jirgin ƙasa ke huda tikiti, ya ƙera injin ƙidayar jama'a: kowane mutum da katinsa, allurai na bin hujin, injin na lissafi. A kansa Nafi'u zai yi jawabi a aji.

Alhaji ya ajiye cokali. "Wato mu ma in mun bi haka, kowane kwalin kaya da lambarsa, kwamfuta ta san inda yake?"

"Haka nake so mu yi, Alhaji."

"Khalas, an gama, reshen naka ne. Dama na rasa wanda zan ɗauka a cikinku." Ya juyo gare ni. "Malam, ka ci gaba da yi mana addu'a, ka ga tana ci."

Rabo na Allah ne, na yarda. Amma in hassada ta ce ka yi magana, bari a gama cin abinci, ka tambayi mutum a gefe.