Gaba Biyun Da Muka Ci

Da safiyar nan gugana ya fito da laka, haɗe da murfin tukunyar da muka shekara huɗu muna zargin ƙanwar maiɗakina da ɗaukewa. Ruwan da ya biyo su bai isa wanke fuska ba.

Wata takwas ke nan da manyanmu na ofishin ruwa, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, suka nemi duk mai rijiya a gida ya riƙa auna ta kowace Asabar yana aika musu. Unguwar da ruwanta ya fi ja da baya, in ji su, ita za a fara kai wa famfo. Sun yi alkawarin na'urar awo. Da muka ji shiru, sai muka auna yadda muka gada: a zura igiyar guga, a ƙirga ta gaba-gaba, wato a ware hannuwa daga yatsun wannan zuwa na wancan.

Igiyata ta tashi daga gaba tara zuwa sha ɗaya, sai da aka ɗaura mata igiyar shanyar maiɗakina. Na rubuta musu cewa an ƙara gaba biyu. Maƙwabcina tela, da yake gajere ne, uku ya rubuta.

Jiya aka manna jerin unguwannin da za su samu famfo, babu tamu. Da na je ofishin neman ba'asi, wani jami'i mai fara'a ya juyo mini da kwamfutarsa. Rahoton ya nuna cewa a duk yankin, ruwanmu ne kaɗai ya samu ci gaba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, igiyar ce ta yi gaba. Ruwan baya ya yi."

Ya ce, "Malam, da hannunka ka rubuta gaba. In baya kake nufi, wa ya riƙe maka biro?"

Gyara kuwa ba zai yiwu ba, domin Mai Girma ya riga ya karanta rahoton a wani babban otal, an tafa, an raba ruwan gora. Amma ba a manta da mu ba, takardar yabo na nan tafe. Tela na ganin shi ya kamata ya karɓa, tunda ukunsa ne ya ɗaga mu.

Maiɗakina ta ce a mayar mata da igiyarta. Na kwance na miƙa mata ba musu. Ina dai jiran in ga da me za ta wanke abin da za ta shanya.